Kawuna na aikena kasuwar ƙauye da miliyoyi, kuma ina jin an fara bibiyata

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Kano, ina aiki a hannun kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ke harkar riɗi da zoɓo a Dawanau. Idan kaka ta yi, ni yake turawa kasuwannin ƙauye na Jigawa in yi masa sayayya. Kusan kowane mako nakan je banki in ciro miliyan uku ko huɗu, in zuba a jakar goyo, in kwana da su a ɗakina, da asuba in kama hanyar tasha. Manoma ba sa yarda da tiransifa, sai dai kuɗi hannu. Makon jiya da na fito daga banki na ga wasu mutum biyu a kan babur, na kuma sake ganinsu a bayan adaidaitar da na hau har kusa da unguwarmu. Ba su yi mini komai ba, amma tun ranar ba na barcin kirki. Ina jin nauyin gaya wa Kawu kada ya ce na cika tsoro ya ba wani aikin. Wani abokina ya ce in riƙa soke wuƙa a ƙugu, kuma zai kai ni inda za a ba ni maganin ƙarfe. Sannan Malam, idan aka ƙwace kuɗin nan, ni zan biya?

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kafin mu je kan wuƙa da maganin ƙarfe, bari in tambaye ka: abokin nan naka, ta yaya ya san kana ɗaukar kuɗi? Kai ka gaya masa. Ba ina cewa mugu ba ne, wataƙila ma ya fi kowa ƙaunarka. Amma shi ma yana da majalisa, kuma a majalisa ba a rasa mai cewa, "Ai wane yanzu shi ne na hannun daman kawunsa, duk mako da miliyoyi yake tafiya Jigawa." Mai maganar yabonka yake yi. Wanda ke gefe yana kurɓar shayi bai ce uffan ba, shi ne abin tsoro.

Zauna ka ƙirga mutanen da suka san ranar da kake ciro kuɗi da ranar da kake tafiya. Kawu, yaran shagonsa, mai adaidaitar da ka saba kira, waɗanda kuke kwana ɗaki ɗaya ko gida ɗaya, direban da ka saba hawa motarsa, dillalin da ke jiranka a can, da wadda kake zuwa zance wurinta idan akwai. Za ka ga sun haura goma ba ka sani ba. Ba kasafai ɗan fashi ke tare mutum a kan sa'a ba; labari yake fara samu, ya san rana, ya san hanya, ya san jaka. Don haka aikinka na farko ba a ƙugu yake ba, a baki yake. Daga yau maganar nawa ka ɗauka da yaushe za ka tafi ta tsaya tsakaninka da Kawu. Ka daina amsa waya a cikin adaidaita ko mota kana cewa "E, na ciro, guda huɗu ne, ina hanya." Kowa a cikin motar nan ya san ba buhu huɗu kake nufi ba. Hoton tasha ko na hanya da matasa ke ɗorawa a WhatsApp da asuba, a rubuta "Allah Ya kai mu lafiya", shi ma ka yafe shi.

Sai kuma girman kayan. Takardar kuɗi mafi girma a Najeriya har yau ita ce naira 1,000, wadda aka fito da ita tun 2005, lokacin da dubu ɗaya ke da daraja. Miliyan huɗu a 'yan dubu-dubu rafa arba'in ke nan, idan kuma aka haɗa maka da 'yan ɗari biyar-biyar abin ya ƙara yawa. Ba aljihun da zai ɓoye wannan. Wanda ya shiga banki da jaka a lanƙwame, ya jima a gaban kanta, ya fito da ita a kumbure yana waige-waige, ya gama yi wa kowa bayani. Ba ma'aikatan banki nake zargi ba. Zauren banki wuri ne da kowa ke shiga, mutum na iya zama a kan benci da takarda a hannu kamar mai jiran layi, alhali aikinsa kallon wanda aka miƙa wa rafa-rafa ne, ya danna waya ga na waje.

Shi ya sa ni a ganina babbar tambayar ba yadda za ka ɓoye miliyan huɗu daga Kano zuwa Jigawa ba ce. Tambayar ita ce, me ya sa sai kuɗin sun taso daga Kano a jikinka? A nan nake so ka daɗe kana tunani, domin duk sauran dabarun da zan faɗa maka ƙanana ne a kan wannan.

Masu sayar maka da kaya ba iri ɗaya ba ne. Akwai manomin da ya zo da tiya goma ko buhu ɗaya a bayan keke, shi kam kuɗinsa yake so a hannu ya shiga kasuwa ya yi cefane, kuma yana da gaskiya. Mutanen karkara ba su manta wahalar farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da aka yi ta tura musu kuɗi suna maƙalewa a hanya, wasu kuma aka cuce su da alat na bogi. Amma wannan wahalar ce kuma ta sa da yawa suka buɗe asusu, a banki ko a irin su OPay da Moniepoint. Dillalin da ke tara maka buhu ashirin ko talatin, da wuya a ce ba shi da asusu, ko shi ko ɗansa. Mafi yawan kuɗin da kake kashewa a irin waɗannan manyan yake tafiya. Ka yi magana da su tun kafin ranar kasuwa, ku yi ƙa'ida: a auna kaya, ka kira Kawu, shi ya tura daga Kano, ba za a ɗaga buhu ba sai mai kaya ya duba asusunsa da kansa ya ga kuɗi sun zauna. Idan an yi haka sau biyu sau uku ba a samu tangarɗa ba, shi da kansa zai fi son hakan, domin shi ma tsoron komawa gida da kuɗi yake yi da yamma.

Ka lura na ce Kawu ya tura, ban ce a zuba maka kuɗin a asusunka ba. Wayar da ke da manhajar banki da miliyoyi a ciki, ita ma jakar kuɗi ce, kuma ka san yadda ƙwacen waya ya addabi Kano. Wanda ya tsare ka da makami zai iya tilasta ka ka buɗe ka tura. Idan kuɗin na hannun Kawu, ko an karɓe wayarka abin da ke ciki kaɗan ne. Ku ma ajiye wata kalma tsakaninku wadda idan ka faɗe ta a waya zai gane ba da son ranka kake magana ba, kada ya tura.

Ragowar da dole sai an biya a hannu, a nemo su kusa da kasuwa. Manyan garuruwa irin su Dutse da Haɗeja da Gumel suna da rassan bankuna. Ana iya yin magana da reshen tun da wuri a tanadar muku, ka karɓa da safe ka yi 'yar gajeriyar tafiya. Akwai kuma hanyar da 'yan kasuwa suka daɗe suna bi: a kowane gari akwai mai gidan mai ko dilan taki ko babban mai shagon kayan masarufi da kuɗi ke taruwa a hannunsa kullum, kuma damuwarsa ita ce yadda zai kai su banki. Kawu ya tura masa ta asusu, shi ya ba ka a hannu a cikin shagonsa. Kowa ya huta. Sai dai irin wannan mutum ba a tsintarsa a rana ɗaya. Kawu ne zai nemo shi ta hanyar mutanen da ya sani a Dawanau, a fara da kaɗan, a ƙirga a gaban shaida, a duba jabu. Masu POS kuwa cike gurbi ne kawai, domin a Disambar 2024 Babban Bankin Najeriya ya taƙaita abin da za su ba mutum ɗaya a rana zuwa naira 100,000. Kada ka tsaya gaban rumfar POS a tsakiyar kasuwa ana ƙirga maka kuɗi masu yawa idon kowa na kanka.

Akwai dokoki biyu da ya kamata ka sani, kuma za su taimake ka wurin shawo kan Kawu. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi da suka haura naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta hanyar banki. Kun kusa da wannan iyaka. Sannan a Disambar 2022 Babban Banki ya sa ƙa'idar cire kuɗi: naira 500,000 a mako ga mutum, miliyan 5 ga kamfani, abin da ya haura a caji kashi 3 cikin 100 ga mutum, kashi 5 ga kamfani. Idan daga asusun mutum kuke cirewa kuma ana cajinku a kan haka, miliyan huɗu za su ci muku naira 105,000 a ciro ɗaya. Ka duba takardun bankinku ka gani. Ɗan kasuwa yana iya yi wa maganar tsoro dariya, amma ba ya yi wa lissafi dariya.

To, a ce duk an yi wannan, akwai ranar da dole ka ɗauki wani abu a jikinka. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne kwana da kuɗi a ɗaki. Wannan ba kai kaɗai ka sa a haɗari ba, har da duk wanda ke kwana a gidan. Idan ba makawa sai an ciro ana gobe tafiya, su kwana inda Kawu ya tanada, ba ƙarƙashin katifarka ba. Kuma kada ka fita daga banki kai kaɗai ka tsaya bakin titi kana tsayar da adaidaita. A zo da mota ko wani amintacce ya jira ka. Ranar ciro kuɗi da lokacinta da reshen da kake zuwa su riƙa canzawa.

Jakar goyon nan ka yi mata ritaya. Iyayenmu fatake ba wawaye ba ne da suka riƙe lalita. Ka sa tela ya ɗinka maka 'yar ciki mai aljihuna a ciki, ko ka sayi lalita mai faɗi ka ɗaura a ƙugu, ka sa riga mai yalwa a kai. Ka cire takardar bankin da ke naɗe da kowace rafa ka sa roba. Ka raba kuɗin gida uku: mafi yawa a jikinka, wani kaso a tsakiyar ɗaurin buhunan da dama kake tafiya da su don zuba kaya, sannan wasu 'yan dubbai a aljihun gaba na kuɗin mota da abinci. Wannan na aljihun gaba kada ya yi kaɗan ainun, domin ranar tsautsayi shi za ka fara miƙawa, kuma wanda ya tare ka bai samu komai ba ya fi saurin duka da bincike. Ka yi shiga irin ta kowa. Sabuwar shadda da agogo mai ƙyalli da babbar waya a bar su sai ranar Juma'a.

Mota a cikin tasha ake shiga, inda 'yan kamasho suka san direba, ba a bakin hanya don rangwamen ɗari biyar ba. Abin da ke ɗauke da kuɗi ba ya shiga but, yana tsakanin ƙafafunka. Kada ka sayi kujera biyu don ka sake, wannan ma sanarwa ce. Abin sha ko goro daga hannun fasinjan da ba ka sani ba, ka ce ka gode. Ka fita da hasken safiya, ka baro kasuwa kafin magariba, ko da sayayya ba ta cika ba.

A cikin kasuwa akwai wurare biyu da mai lalita ke tona wa kansa asiri. Na farko wurin biya: an gama awo, manoma sun kewaye ka kowa na miƙo hannu, sai ka ɗaga riga ka zaro rafa a gaban jama'a. Shi ke nan kowa ya ga ma'ajiyar. Ka riƙa ware abin da za ka yi aiki da shi na ɗan lokaci a aljihu, idan ya ƙare ka shiga shagon dillalinka ko bayan rumfa ka ƙaro. Na biyu wurin alwala. Mutum ya tsuguna, ya naɗe hannun riga, ya sunkuya wanke ƙafa, rigar ta ɗage ta baya, ga lalita nan a fili ga duk wanda ke tsaye da buta yana jiran wuri. Haka wurin turmutsitsin fitowa daga masallacin kasuwa, nan 'yan sane suka fi cin kasuwarsu, ɗaya ya bangaje ka yana ba ka haƙuri, ɗaya ya yanka aljihu da reza. Ka yi alwala a keɓe, ka bari cunkoso ya ragu kafin ka fito.

Ka riƙa tafiya da rasit ɗin banki da katin shaidarka da wata 'yar takarda daga Kawu mai lambar wayarsa, ko katin ƙungiyar 'yan kasuwarku. Ɗaukar kuɗin halal ba laifi ba ne, amma a shingen jami'an tsaro matashi da miliyoyi ba takarda zai sha tambayoyi, kuma ba ka son a zazzage kayanka a bakin titi a gaban fasinjoji.

Game da masu babur ɗin nan, ba zan ce maka lallai ɓarayi ne ba, ba kuma zan ce zargi ne kawai ba. Ka ɗauka da gaske. Kuskuren da aka yi ranar shi ne barin adaidaita ta nufi unguwarku. Idan ka sake jin ana bin ka, kada ka nufi gida, kada ka shiga lungu. Ka sa mai adaidaita ya yi kwana ya koma inda kuka fito. Idan su ma suka juyo, ka samu amsa. Daga nan sai ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko ka koma cikin bankin, ko gidan mai mai jama'a, ka kira Kawu daga can. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ka kuma nemi lambar ofishin 'yan sandan yankinku ka ajiye. Ka haddace hanyar rufe asusunka ta wayar wani idan taka ta salwanta, kowane banki na da tasa.

Wuƙa kuwa, a'a. Wanda ya zo ƙwace ya shirya, ba shi kaɗai ba ne, kuma ya riga ka yanke shawarar abin da zai iya aikatawa. Da ka kai hannu ƙugu ka mai da fashi ya zama kisa. Kafin ma a kai nan, jami'in tsaron da ya same ka da wuƙa da miliyoyi ba ɗan kasuwa zai kira ka ba. Za ka ji masu kawo hadisin nan cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa shahidi ne. Hadisi ne ingantacce, amma malamai da yawa sun bayyana cewa kare dukiya halal ne, ba dole ba ne, mutum na iya sallamawa don ya tsira da ransa. Idan an tare ka, ka miƙa, kada ka ƙura wa kowa ido, kada ka yi gardama. Maganin ƙarfe ba zan ja zance a kansa ba, illa in ce abin da na fi tsoro a tattare da shi shi ne ƙarfin halin banza da yake sa wa yaro ya tsaya inda ya kamata ya sallama. Ka riƙe addu'o'in fita daga gida da na tafiya, ka kuma tuna Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Saura tambayarka ta ƙarshe. A fiƙihu, wanda aka ba amana ko aka wakilta ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai idan ya yi sakaci ko ya saɓa umarnin mai dukiya. Rigimar kullum a kan kalmar sakaci take tashi. Ranar da abu ya faru, Allah Ya kiyaye, wani a dangi zai ce me ya sa ya kwana da su a ɗaki, wani ya ce me ya sa ya ga ana bin sa bai faɗa ba, wani ma ya ce a binciki yaron da kansa. Ka ga shirun da kake yi yanzu don kada a ce ka cika tsoro, shi ne zai zama hujja a kanka. Idan ka faɗa, nauyin ya koma kan mai dukiya. Idan ka ɓoye, ka ɗauke shi kai kaɗai.

Don haka ka samu Kawu a yau ko gobe, shi kaɗai, ba a shago gaban yara ba, kuma kada ka bi ta wurin mahaifiyarka tukuna, hankalinta zai tashi kuma zancen zai bazu a gida. Kada ka fara da "ina jin tsoro". Ka ce, "Kawu, akwai abin da na gani ranar da na fito daga banki, na ga bai kamata in ɓoye maka ba tunda dukiyarka ce." Ka ba shi labarin yadda ya faru, ba ƙari ba ragi, sannan ka kawo shawarar biyan manyan dillalai ta asusu da nemo ragowar a can kusa da kasuwa, da lissafin abin da hakan zai rage muku. Mutumin da ya daɗe a Dawanau ya san waɗanda aka tare a hanya, ba sai ka yi masa dogon bayani ba. Duk tsarin da kuka tsayar, ka roƙe shi a faɗe shi a gaban mutum ɗaya da ku duka kuka yarda da shi, kuma ku buɗe littafi: duk ranar da ka karɓi kuɗi a rubuta adadi ku sa hannu, duk ranar da ka dawo a rubuta kayan da ka kawo da canjin da ya rage. Idan ya ce a ci gaba yadda ake yi, to ka nemi aƙalla ya haɗa ka da mutum na biyu a tafiyar, kuma kuɗin su daina kwana a ɗakinka tun daga wannan makon.